Neman kalma: me za mu ce wa tempering a ƙirar wuƙa?

Mai Ƙirar Asabar:
Salam jama'a, a taimaka min da gaggawa. Gobe da hantsi zan ɗauki bidiyon koyar da ƙirar wuƙa a gida kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Ni ba maƙerin gado ba ne, aikin ofis nake, ƙarshen mako ne nake hura gawayi a bayan gida ina buga wuƙa da tsohon sifirin na mota. Bayan ka gama ƙira ka goge, sai ka zuga ruwan wuƙar ya yi ja har mayen ƙarfe ya daina kama shi, wajen digiri 800 kenan, ka tsoma a mai. Nan zai yi tauri har magagari ya dinga zamewa a kai, amma in ya faɗi a siminti yana iya tarwatsewa kamar gilashi. To sai ka sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200, awa ɗaya ko biyu, ni a oban ɗin uwargida nake yi, har ya yi ruwan ɗorawa. Wannan ɗumamawar ta biyu ita Turawa ke cewa tempering. Ya zan ce da Hausa?

Baban Yara:
Ba da ruwa. Haka na taso ina ji, an ba wa gatari ruwa.

Mai Ƙirar Asabar:
Ai yallaɓai ba da ruwa shi ne tsomawar, wanda ke kawo taurin. Wanda nake nema shi ne na bayansa, mai rage taurin.

Malamar Hausa:
HORON ƘARFE. An gama. Horo ladabtarwa ne, ka ɗauki abu mai taurin kai ka saita shi ya yi amfani. Ƙarfen ya fito daga mai da taurin kai, ka hore shi. Ga suna ga aikatau, ya hori ƙarfe, ƙarfen ya horu, horarriyar wuƙa. Wace kalma ce za ta ba ka wannan?

Ɗan Tawa:
Ku yi hankali da hwaransanci in kuna bincike. Wurinmu trempe shi na tsomawa cikin mai ko ruwa, ɗumamawa ta biyu kuwa revenu a ka ce mata. Mutane da yawa sun ga trempe sun ga temper sun ɗauka abu guda na, sai yuƙa ta karye musu a hannu. Larabawa ma tasƙiya su ka cewa tsomawar, watau shayarwa, kun ga ba da ruwa ta zamna daidai, kar a taɓa ta.

Injiniya Ba Aiki:
Yuƙa kuma? 😂 Ɗan'uwa a fara daidaita sunan wuƙar tukuna. Ni dai nawa, ku ce tamfarin kawai a wuce wurin. Walda aro ce, sifirin aro ne, injin aro ne, ba wanda ya mutu. Yaran da za su kalli bidiyon nan gobe YouTube za su koma su ƙara bincike, in ka ba su horon ƙarfe me za su rubuta a wurin nema?

Ɗan Tawa:
Yuƙa mun ka gada, daga Sakkwato har Tawa. Kanawa ba su sayi Hausa ba.

Malamar Hausa:
Injiniya wannan lalacin shi ya kashe mu wallahi, kullum sai a ce a ara a ara, harshen da ke da uwar maƙera da masaba da zugazugi da awartaki da kube shi ne za a ce ba shi da kalmar gyaran ƙarfe sai an je an roƙo? Tamfarin ko daɗin faɗa babu, ka ce sunan maganin zazzaɓi. Na ce horo, kuma a aji na ma shi zan koyar.

Baban Yara:
Hajiya ni in aka ce min an hori ƙarfe dukan masaba zan gani a idona, ba oban ba.

Malamar Hausa:
Wannan matsalar tarbiyyar gidanku ce, ba kowane horo ne da duka ba.

Jikan Maƙera:
Na yi shiru ne ina kallo. Da farko dai a yi min afuwa, amma ƙira ba abin sha'awar Asabar da Lahadi ba ce, gado ce, akwai Sarkin Maƙera, akwai maƙeran baƙi akwai na fari, kuma a tarihin baka ma ai maƙera ne daga Gaya suka zo Dala neman tama aka kafa Kano. Yau kuma a oban ɗin kek ake gasa wuƙa ana nema mana suna. To bari in faɗa muku dalilin da ya sa kuke wahala. A maƙerarmu aikin nan ba biyu ba ne, ɗaya ne. Baba bakin gatarin kawai yake tsomawa, ya fitar, ya goge bakin da dutse da sauri ya yi haske, zafin da ya rage a gindin ƙarfen ya dinga gangarowa, kana ganin kala tana tafiya, ɗorawa a gaba, shuɗi na biye, da ɗorawar ta iso baki sai ya nutsar da shi duka. Duk wannan sunansa ba da ruwa. Wanda ya iya ba da ruwa ai shi ne wanda ya san lokacin nan. Ku da kuka raba aikin gida biyu ku ke buƙatar suna na biyu.

Mai Ƙirar Asabar:
Allah ya ja da ran Baba. Ba raini ba ne wallahi, wuƙa siririya ce ba ta riƙe zafi irin gatari, kafin ka goge ta huce, shi ya sa oban ya fi min tabbas. Amma don Allah in ƙarfe ya yi tauri ya wuce kima, bakinsa yana ɓantarewa, me Baba yake cewa?

Jikan Maƙera:
Ya yi gautsi. Sai ya ce a mayar wuta a kashe masa gautsin.

Baban Yara:
To ai ga ta nan! Kashe gautsi.

Injiniya Ba Aiki:
Gaskiya ta fi tamfarin, ko ni na gane me ake nufi ban tambaya ba. Sai dai kalma biyu ce.

Malamar Hausa:
Wannan bayani ne ba suna ba. Ya za ka ce wuƙar da aka yi wa? Kasasshiyar gautsi? Horarriya fa kalma ɗaya tak. Kuma kashewa ta yi yawa, gautsin raguwa yake, mai ƙirar da kansa ya ce in ka zarce zuwa shuɗi taurin ne ke tafiya.

Mai Ƙirar Asabar:
Ban faɗa ba tukuna Hajiya, amma haka ne, wajen digiri 300 yake yin shuɗi, wannan ya yi wa sifirin daidai amma wuƙa ba za ta riƙe kaifi ba, kullum kana kan dutsen washi. Zan tafi da ba da ruwa a tsomawa, kashe gautsi a ɗumamawa, in rubuta ta Turancin a ƙasan bidiyo saboda masu bincike. Saura annealing, wanda ake binne jan ƙarfe a toka ya huce a hankali ya yi laushin goga.

Ɗan Tawa:
Recuit. Ku hwara wani hwaɗan.

Malamar Hausa:
Wannan tausasawa ce, ba gardama. Na bar muku gautsinku na gobe kawai, amma ka ambaci horo ko sau ɗaya mu ga wanda masu kallo za su ɗauka.

Jikan Maƙera:
In ya ce horo kar ya ce daga bakin maƙera ya ji.

Mai Ƙirar Asabar:
Zan ce wata malama ce ta ce. Ƙotar wuƙa kuma ƙota zan ce ko mariƙi?

Baban Yara:
Kai Malam je ka kwanta.