Mazubin zuba sassan rufin kankare: abin da masu aikin suka ce

Kan yadda za a haɗa mazubin da ake zuba sassan rufin kankare a ciki kafin a ɗora su a kan gini, shawarar da masu aikin suka fi nanatawa ita ce a rage yawan siffofi tun a zane, don mazubi ɗaya ya fitar da sassa da yawa. Haka aka yi a gidan opera (zauren waƙa da wasan kwaikwayo) na Sidni a Ostareliya, inda aka ciro siffar rufin gaba ɗaya daga jikin ƙwallo guda.

In zubin zai kai ɗaruruwa, mazubin ƙarfe ya fi. Filawud mai kaurin milimita 18 ya fi araha, amma gefensa kan sha ruwa ya kumbura, awo ya goce. Kowanne aka zaɓa, a tokare shi sosai, domin kankare mita ɗaya kubik yana kai kilo 2,400, ga kuma jijjigar injin girgiza.

Masu aikin sun fi daɗewa a kan maganar cire sashe daga mazubi. A ɗan buɗa bangon mazubin ta sama, a dakushe kusurwoyi, a shafa man saki (mai hana kankare manne wa mazubi) siriri kafin a jera rodi. Man in ya yi yawa sai fuskar kankaren ta fito da ƙananan ramuka, in ya taɓa rodi kankare ba zai kama shi da kyau ba. Mahaɗar bangon mazubin kuwa a sa mata roba, don inda ruwan siminti ya tsiyaye tsakuwa ce za ta fito tsirara.

Kada a ɗaga sashe don kawai ya kwana. A fasa samfurin gwaji (ɗan curin da aka zuba daga kwaɓi ɗaya da sashen) tukuna don a ga ƙarfinsa, sannan a ɗaga a hankali ta ƙugiyoyin da injiniya ya tsara, saboda mazubi kan riƙe kankare tamau. A ci gaba da jiƙa shi kwana 7.