Beyar ba ta zuwa wajen koto sai dare ya tsala

Sallama, 'yan'uwa maharba. Ina arewacin Minnesota a Amurka. An buɗe farautar baƙar beyar (wata babbar dabbar daji, "bear" a Turance) ranar 1 ga Satumba, yau kwana tara ko ƙeyarta ban gani ba. Doka ta hana harbi in rana ta yi rabin awa da faɗuwa, ita kuwa kyamarar da na ɗaure a bishiya ba ta kama ta sai ƙarfe ɗayan dare, lokacin da beyar ɗin ke zuwa ta ture gumaguman da ke kan koton, ta lashe burodi da man suyan da na zuba mata tas.

Na rage abincin, na koma zubawa da hantsi, ina sa takalmin roba don kada ta ji warina. Duk a banza. Jiya har hucinta na ji cikin duhuwa, iska na juyawa ta gudu.

Mazaunina taku 15 ne daga koton. In ja baya zuwa taku nawa don ta fito da sauran haske?