Sake tayar da saba mai tagwayen ma'ajiya: abin da aka tattauna

Ƴan uwa masu kula da saba a nan Damagaram, ga taƙaitaccen abin da aka faɗa kan yadda za a sake tayar da saba biyu (manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da aiki) masu DRBD, manhajar da ke kwafe ma'ajiyar ɗaya zuwa ɗayar, da Pacemaker, mai miƙa aiki daga wannan zuwa waccan.

An yarda a kan waɗannan:

1. Kafin ka taɓa komai, duba halin ma'ajiya da umurnin drbdadm status. In ɓangarorin biyu ba su nuna UpToDate (wato bayanansu sun cika daidai) ba, dakata.
2. Fara da sake tayar da sabar da ke jiran ko-ta-kwana. In ta dawo, bar ta ta gama kwafe abin da ya wuce ta, ko da zai ɗauki lokaci.
3. Mai riƙe da aiki kuwa, ba a kashe ta kai tsaye. Sa ta hutu da umurnin pcs node standby, ka ga adireshi da ma'ajiya sun koma wa ƴar uwarta, sannan ka sake tayar da ita. Kada ka manta da unstandby, wato fitar da ita daga hutun bayan ta dawo; da yawa nan suke tuntuɓe.
4. Duba batirin ondila da man grup. Kuran ya ɗauke ana tsakiyar kwafi, ka shiga uku.

Inda aka rabu: wasu sun ce a kashe STONITH (tsarin da ke ba saba damar kashe ƴar uwarta in ta daina jin ta) lokacin gyara, don kada wata ta harbe ɗaya a banza. Mafi yawa sun ƙi, kuma ina tare da su. Domin in an kashe shi kuma waya ta tsinke tsakaninsu, kowace za ta ɗauka ita ce shugaba, bayanai su rabu biyu, dole ka zubar da na ɗaya.

Lokacin yin aikin ma ba a daidaita ba: wasu bayan Isha'i, wasu Asabar da safe.