Yaron da Ke Ji a Bayan Ƙyaure

Malamin Firamare:
Malama Ungozoma, ga tambayata gare ki,
Yaron da ba a taɓa shi ba a jiki,
Uwarsa ake duka yana ji daga ɗaki,
Me ke sa shi gyangyaɗi a aji da rana?

Ka tsawata wa wani, shi ne zai zabura,
Ka ɗaga hannu da alli, ya sunkuya ya takura,
Haddar bara ta zube, ya rage magana.

Ungozoma:
Malam, barcinsa ake sacewa da dare,
Ɗan shekara 7 na son awa 9 zuwa 12 a jere,
Shi ko kunne a ƙofa, zuciya a ɗaure,
Fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina.

Ciwon ciki kullum, gwaji bai ga komai ba,
Tsoro ne ya yi masa yawa, ba ƙiwuya ba,
Bulala ƙara shi take, ba ta hana.

Mai juna biyu in an naushe ta a mara,
Mabiyiya kan ɓalle ko jini bai fito ba, kar a jira,
Ciki ya yi tauri, motsin ɗa ya ragu? A yi hattara,
Asibiti a ranar, kada ta kwana.

Jaririn da aka girgiza cikin fushi,
Wuya bai yi ƙwari ba, kai ya rinjaye shi,
Jini kan zuba a ƙwaƙwalwa, ba tabo a jikinshi,
Amai, jijjiga da ƙin mama za su nuna.

Goggo:
'Ya'yana, ai haƙuri ake ba mace don yara,
In ta fita, ina abinci, ina sutura?
Ba gara ta danne zuciya ta zauna?

Lauya:
Goggo, a Malikiyya reno na uwa ne,
Namiji har ya balaga, mace har ta tare, haka ne,
Ci da suturarsu kuwa a wuyan uba ne,
Alƙali na raba aure in cuta ta bayyana.

Abin da ke kayar da ƙara rashin shaida,
Hoton rauni da kwanan wata, sai takarda
Ta likita, tun kumburi bai saɓe ba, a adana.

Dokar Najeriya mai hana cin zarafi, VAPP ta 2015, ta kira dukan mata laifi,
FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, na tsaya wa marasa ƙarfi,
In rai na cikin haɗari, lambar gaggawa 112 za a danna.

Goggo:
To a koya wa yaro kar ya shiga tsakani,
Ya ja ƙanensa gidan maƙwabcin da ya sani,
A faɗa masa ba laifinsa ba ne, da baki, a kira shi da suna.