Kwana 4 a Marrakesh da akwatin hannu kawai, anya zai yiwu kuwa?

Maman Hanif:

Salam 'yan uwa, dan Allah ku taimaka min da shawara kafin kaina ya fashe. Mu a Manchester muke, oga ya samo mana tikiti mai arha zuwa Marrakesh ta Maroko ni da shi, kwana 4 ne kacal farkon Nuwamba, yara za su zauna wajen ƙanwata. To sai da ya gama biya ya zauna ya sha shayinsa tukun yake gaya min wai ai ba mu da awon kaya, kowa ɗan akwatin hannu ɗaya ne da ba zai wuce kilo 10 ba, tsawo santimita 55 faɗi 40 kauri 20, sai wata 'yar jaka da za ta shige ƙarƙashin kujera. Na ce Abban Hanif ni fa ko suna zan je Zariya daga Kano da akwati biyu nake tafiya, ya ce ai in ina son babban akwati kuɗinsa ya kusa kamo kuɗin tikitin kansa, in biya daga aljihuna.

Jiya da daddare na baje abin da nake ganin dole ne a kan gado, leshi 2, atamfa 3, abaya 2, gyale da mayafai, takalma ƙafa 4, kayan bacci, tawul, humrata, man shafawa, turaren wuta da bona, ɗan dutsen guga, yaji, sai kayan kwalliya. Na zuba a akwati na hau sikelin banɗaki da shi na cire nauyina, kilo 17 wallahi, zif ɗin ma ya ƙi rufuwa sai da Hanif ya hau kai ya zauna. Kuma fa ko tsaraba ban sa a lissafi ba, Hajiyarmu tun da ta ji Maroko ta fara lissafo min man argan (man wata bishiya ta can) da jallabiya. Waɗanda suka saba irin wannan tafiyar ya kuke yi ne dan Allah?

Uwar 'yan biyu:

Wa alaikumus salam. Maman Hanif na yi dariya har da ƙwalla, leshi 2 bikin wa za ki a Marrakesh? Ba wanda ya san ki a can 'yar uwa, ba kishiya ba dangin miji, in kin maimaita kaya sau 3 ba mai tsegumi. Ni sau biyu na je kuma duk da akwatin hannu, bari in gaya miki yadda nake yi.

Fara auna akwatin ba komai a ciki tukun, wasu masu taya huɗun nan su kaɗai sai su cinye miki kilo 3, kin ga saura 7 kenan, kuma in za ki gwada tsawonsa ki haɗa da tayoyin da hannun don su da su suke aunawa. Shi ya sa ni na koma jakar goyo mai laushi, ba ta da nauyi kuma tana matsuwa.

Kaya kuma abaya 2 marasa nauyi irin yadin da ba ya yamutsewa, doguwar riga 1, sai mayafai 4 kala daban-daban, mayafin ne ke canza fuskar kaya a hoto ba rigar ba, in kin sa baƙar abaya yau da jan mayafi gobe ki sa ta da ruwan toka wa zai gane. Atamfa in ranki ya nace ki ɗau 1 wadda aka yi wa ɗinkin doguwar riga, ba riga da zani da ɗankwali ba. Leshi kam ki mayar da shi durowa, na taɓa ɗora nawa mai duwatsu a sikeli ya haura kilo ɗaya da rabi shi kaɗai. Kuma kar ki ninke kaya ki jera kamar na lefe, naɗe su za ki yi kamar tabarma ki cusa a tsaye, ƙananan kayan ciki da safa ki tura su cikin takalmi da lungun akwatin.

Duk abin da ke da nauyi a jikinki za ki sa ranar tafiya, jikin mutum dai ba a auna shi. Da ma Manchester sanyi ake yi a Nuwamba, ki sa jaket ɗinki da suwaita da kambas ki shiga jirgi da su, za su yi miki amfani a can ma don da rana akwai ɗumi amma da magariba ta yi iska mai sanyi ke saukowa daga duwatsun Atlas, kamar dai hunturunmu na gida da asuba. Takalmi kambas ɗin ƙafarki da silifas 1 na alwala sun isa. Mai tsini kar ki soma, cikin tsohon garin lunguna ne irin na cikin birnin Kano, mota ba ta shiga yawancinsu, babura da amalanken jaki na ta wucewa ta gefenki, in masaukinku irin gidajen nan ne da suke kira riyad to tasi a bakin lungu zai ajiye ku ku ƙarasa da ƙafa, a nan ne za ki gode wa Allah da ba ki jawo ƙaton akwati ba. Tawul akwai a masauki, dutsen guga ma ki tambaye su, ki dai ɗauki 'yar siririyar sallaya da kan caja mai baki biyu zagayayyu irin na Faransa, namu na Ingila mai baki uku ba ya shiga soket ɗinsu.

Ɗan Kwari a Landan:

Hajiya ki ji maganar Anti, ni ganau ne. Wata tafiya da na yi bara, ba zan kira sunan kamfanin ba, na wuce bincike lafiya lau ina ta murna, ashe a bakin ƙofar shiga jirgi suke jira da wani ɗan kejin ƙarfe, wata ma'aikaciya ta kalli akwatina ta ce in saka a ciki. Ya shiga rabi ya tsaya, na danna da gwiwa, na juya shi, layi duk an zuba min ido, ƙarshe na buɗe na ciro shadda na ɗora a kan wadda ke jikina na ƙara jaket a sama na fito kamar ɗan dambe ya sha layu, duk da haka taya ɗaya ta ƙi shiga, haka na zaro kati na biya kuɗin da ya fi na tikitina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ki gaya wa oga shi ma kar ya ce zai yi gayu da shadda mai sitaci, tana cin waje kuma kafin ku sauka ta karye ta yi layi-layi. Yadi mai laushi 2, wando 1, riguna 2 shikenan. Hula kuma kar ya sa a akwati ta lotse, 1 a kansa, in 2 ce ya zura ɗaya cikin ɗaya. Fawa bank a 'yar jakar hannu ake sa shi, ko da sun karɓi akwatin a ƙofa sun ce za su kai ƙasan jirgi to a ciro shi tukun, batirin ne ba a yarda ya shiga can ba, irin mai 20,000mAh ɗin nan ba matsala yana ƙasa da iyakar ƙarfin batiri ta 100Wh da kamfanonin jirgi suka sa. Almakashi da reza mai zarewa da 'yar wuƙar yankan farce a bar su gida. Sannan ku buga takardar shiga jirgi da ta biza a takarda, kar ku dogara da waya kawai musamman wajen dawowa.

Maman Hanif:

Kai jama'a ɗan dambe ya sha layu, Allah ya mayar maka da alheri. Anti na gode, leshin na cire amma zuciyata na kansa. To humrar fa? Ni ban iya fita ba humra gaskiya.

Hajjaju:

Humra ruwa ce ƙanwata, dokar mil 100 ta hau kanta. Tun 2006 aka kawo dokar nan bayan an kama wasu a Ingila da shirin tayar da bam na ruwa a jirage, kowace kwalba kar ta wuce mil 100 kuma duk su shiga leda 1 mai haske mai cin lita 1. Abin da mutane ba sa ganewa girman kwalbar ake dubawa ba abin da ya rage a ciki ba, in kwalbar mil 250 ce ko ɗan kaɗan ne a gindinta za su ajiye ta gefe. A gabana aka karɓe wa wata baiwar Allah humrar da aka haɗo mata tun daga Maiduguri, tana roƙo tana cewa ta amarci ce, suka jefa a kwandon shara. Ki sayi ƙananan robobi ki ɗura, ki naɗe bakin da salatif don humra in ta zube a kaya ta zauna kenan. Man shafawa, makilin, basilin duk lissafin ruwa ake musu, sabulu kuwa ki ɗau na gunduwa ba ruwansu da shi. In an ce miki wasu filayen jirgi a Birtaniya sun sa sababbin injuna sun sassauta, haka ne, amma ai ba a can za ki tabbata ba, ta filin jirgin Marrakesh za ki dawo.

Ni dai ra'ayina daban ne da na su Uwar 'yan biyu, kar ku ga laifina. Tafiya ba ita ce matsalar ba, dawowa ce. Bahaushiya ta shiga kasuwar Marrakesh ta ga fitilu da butocin shayi da jallabiyoyi ta fito hannu rabbana? Wa za a yi wa wannan. Man argan ɗin da Hajiyarku ke so ruwa ne, zuma ma haka, wani abu da suke yi da almon da zuma da man argan suna kiransa amlu shi ma haka, duk ba mai wucewa a akwatin hannu in ya haura mil 100, sai dai ki saya a shagunan cikin filin jirgi bayan an gama bincike su liƙe miki a leda, can kuma tsada kamar me. Ki lallaɓa oga ku sayi awon akwati 1 na dawowa kawai, tun yanzu ta intanet ya fi sauƙi a kan a filin jirgi, ki tafi da jaka mai naɗewa a ƙasan kayanki. Kuma kar ki ce za ki yi guzurin kilishi ko dambun nama ki dawo da ragowa, ba a shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga irin ƙasashen nan.

Baba na Ƙofar Wambai:

Ɗiyata Allah ya kai ku lafiya. Ni ba ɗan boko ba ne, yarona ke rubuta min, amma harkar fata muka gada kuma na taɓa zuwa garin nan. In kun je ki ce maigidanki ya kai ki majemarsu ta wajen Bab Dabbag, ki toshe hanci da ganyen na'ana'an da za su miƙo miki, za ki ga ramuka da aiki irin na majemarmu sak. Abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi ce da aka jeme a ƙasar Hausa, fatake suka haura da ita Sahara a kan raƙuma, daga tashoshin ruwan arewa ta shiga Turai da sunan wasu. Su waɗancan mutanen wata da watanni suke yi a hanya kuma kayan jikinsu bai kai na cikin akwatinki ba, kayan sayarwa ne ke cika raƙumin.

Maganar tsaraba, ba sai kin biya awo ba in kin iya saye. Takalmansu na fata marasa dunduniya lafewa suke, ƙafa 3 ba za su cika miki waje ba. Tum-tum ɗin fata ki ce a ba ki wanda ba a cusa komai ba, ninkewa ake yi kamar riga sai kin dawo ki cika shi da tsummoki. Kayan ƙamshi na girki da ganyen shayi da dabino busassu ne ba nauyi. Tukunyar tajin ta ƙasa mai dogon murfin nan ce za ta ja hankalinki, ki kalle ta ki ci abincin da aka dafa a ciki ki wuce, nauyi gare ta kuma fashewa take. Ciniki kuma ba sai na koya wa 'yar Kano ba, kuɗin farko da suka faɗa ki yi dariya ki juya kamar za ki tafi. Ku yi salla a masallacin Kutubiyya, hasumiyarsa ta haura shekara 800 a tsaye, daga dandalin Jami'ul Fana ana hango ta, in kuka ɓata a lungu ita za ku nema.

Maman Hanif:

Baba na gode Allah ya ƙara girma da lafiya, a gaida yaron da ya rubuta. Yanzu na sake hawa sikeli, kilo 7 da ɗigo 8, abaya 2, doguwar rigar atamfa 1, mayafi 4, silifas, humra a 'yar roba mil 50. Hajjaju na karanta wa Abban Hanif maganarki ya ce a'a ba zai sayi awon dawowa ba, sai na leƙa nasa akwatin na ga ko rabi bai cika ba, na yi shiru ban ce komai ba, jallabiyar Hajiya ta samu waje. Bona na cire amma na ƙulle ɗan turaren wuta a leda na tura cikin safa. Yajin fa, busasshe ne ai, zai wuce ko?

Uwar 'yan biyu:

Zai wuce, ki dai zuba kaɗan a roba mai murfi ki ninka leda, in sun buɗe suna shinshinawa ki matsa baya kafin a fara atishawa.