Shin shafukan sada zumunta ne suka sauya halinmu, ko halinmu suka fito da shi fili?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina roƙon masu sani su warware mini wani al'amari. An kafa Facebook a 2004 domin mutum ya san halin da abokansa ke ciki, amma yau idan ya buɗe shi, ko ya buɗe TikTok, yawancin abin da zai gani na mutanen da bai taɓa sani ba ne, kuma sau da yawa gardama ce da cin mutunci. Kamfanonin ne suka tsara hakan, ko mu muke nema su kuma suna ba mu?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, ruwa ba ya tsami banza. A 2006 Facebook ya tattara rubuce-rubucen abokai a shafi guda, a 2009 ya ƙara maɓallin nuna so, a wannan shekarar kuma Twitter ya sauƙaƙa sake yaɗa saƙon wani da dannawa ɗaya. Da yake kuɗin waɗannan kamfanoni daga talla yake zuwa, talla kuma tana buƙatar mutum ya daɗe yana kallo, sai aka ɗora wa na'ura aikin auna abin da ke tsayar da shi, wanda ya yi wa sharhi da wanda ya tura wa wasu, domin a ƙaro masa irinsa. Na'urar ba ta san gaskiya ko ƙarya ba, lissafi kawai take yi, kuma maganar da ta fusata mutane ta fi jawo sharhi. A 2018 Facebook ya fifita rubutun da ke tara martani, kuma takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna cewa ma'aikatansa sun lura sauyin yana ɗaga rubutun da ke raba kan jama'a.

Malamar Makaranta:
Injiniya, bayaninka ya yi, amma ina ganin ka sauke wa ɗan Adam nauyin da yake nasa. WhatsApp ba ya zaɓar wa kowa saƙon da zai gani, duk da haka jita-jitar satar yara da aka yi ta turawa a Indiya ta sa an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a ƙasar a 2018, sannan a duniya baki ɗaya a 2019. Abin da ya yaɗa ta shi ne amana, domin saƙon da ya fito daga ɗan uwa ba kasafai ake bincikensa ba. Haka kuma binciken jami'ar MIT ta Amurka na 2018 ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa a Twitter, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi, ba asusun da na'ura ke sarrafawa ba.

Injiniya:
Malama, misalinki ma yana goyon bayana. Da aka ƙara tsaurara dokar a 2020, aka ce saƙon da ya sha turawa wuri ɗaya kawai za a iya aika shi a lokaci guda, WhatsApp ya bayyana cewa yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Halin mutane bai sauya a 'yan makonni ba, tsarin manhajar aka taɓa.

Mai Neman Sani:
Na gode muku duka. To, akwai hanyar da mutum zai karɓe zaɓin daga hannun na'urar?

Injiniya:
Akwai, sai dai ba ita ce ke buɗewa da kanta ba. Facebook, Instagram da X (wato Twitter na da) suna da sashen da ke nuna rubutun waɗanda kake bi kaɗai, kuma tun 2023 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa manyan shafuka su bai wa masu amfani da su a can zaɓin da bai dogara da bibiyar ɗabi'unsu ba.