Hoton fako da fili fayau, a taimaka

Ɗan Gobir: Salamu alaikum ƴan uwa, an sa mana gasar hoto kan fili fayau, na je gulbin Maradi da azahar na ɗauko amma duk sun fito fari fat, mi zan yi?

Maman Nana: Kai ma dai ƙanena, da rana tsaka? Koma bayan la'asar, lokacin inuwa ta miƙe, yashi na nuna zanensa.

Malam Direba: Ka rage haske kafin ka danna, ka durƙusa sosai, ka bar gawo guda can gefe, shi da rani yake ganye.

Ɗan Gobir: To hazon fa malam?

Malam Direba: Hazon hunturu ai shi ne daɗin, goge ƙurar gilashin kawai.